Abin da Ke Zuwa Bayan Sallama: Ƙarin Rubutu a Wasiƙun Girkawan Da

Wasiƙar Bagirke ta zamanin da tana da tsari wanda ba kasafai ake kauce masa ba. Ana buɗe ta da sunan mai aikowa, sai na wanda aka aika wa, sai kalmar gaisuwa "kairein". Daga nan a tambayi lafiya, a faɗi buƙata, a rufe da "erroso", wato ka zauna lafiya. A ƙa'ida magana ta ƙare ke nan. Amma a cikin wasiƙun fafirus da yashin Masar ya adana, irin waɗanda masu binciken kayan tarihi Grenfell da Hunt suka fara tonowa a Oksirinkus (Bahnasa ta yau) a 1897, sau da yawa alƙalami ba ya tsayawa a nan. Sai ya zarce ƙasan sallamar, ko ya bi gefen takarda a tsaye, ko ya juya bayanta.

An saba ɗaukar wannan ƙari a matsayin mantuwa kawai. Ni kam ina ganin a nan ne ake gane yadda aka haɗa wasiƙar da kuma su wa ke wurin.

Mu dubi wasiƙar Apiyon, wadda aka samo a Fayum, take kuma ajiye a Barlin. Saurayi ne daga garin Filadelfiya na Masar, ya shiga rundunar ruwa ta Rum a ƙarni na 2 Miladiyya. Da isarsa Misenum, kusa da Napoli, ya rubuta wa mahaifinsa Epimakos. Ya gode wa abin bautarsa Serapis da ya tsirar da shi a teku, ya ce an ba shi tsabar zinariya 3 kuɗin guzuri, ya ce ya aiko da ɗan hotonsa ta hannun Yuktemon, ya kuma sanar da sabon sunansa na soja, Antoniyus Maksimus. Ya yi sallama, ya ambaci ƙungiyar da aka sa shi. Sai ga wani rubutu a gefen hagu: Serenos ɗan Agatodaimon yana gaisuwa, haka Turbon ɗan Galloniyos, da wasu da sunayensu suka lalace.

Wannan ba mantuwa ba ce. An kawo su da sunayen iyayensu, alamar dattijon zai gane gidajensu. Talaka ba shi da gidan waya a lokacin; wanda sarkin Rum Agustus ya kafa na aikin hukuma ne. Idan an samu matafiyi mai zuwa gida, kowa sai ya rataya saƙonsa. Da wasiƙar ta iso, da wuya Epimakos ya bar ta a aljihu: akwai gidajen da ke jiran su ji 'ya'yansu na raye. Jikin wasiƙar na uba ne, gefenta kuwa na unguwa.

Akwai kuma batun hannu. Da yawa ba su iya rubutu ba, wasu sun iya amma sun fi son su yi wa magatakarda shifta. Masu nazarin fafirus kan lura cewa inda aka zo sallama sai rubutun ya sauya, ƙwararren hannu ya ba da wuri ga wani mai gargada. Mai wasiƙar ne ya karɓi alƙalami, kuma wani lokaci yakan ƙara layi ɗaya ko biyu. Bagnall da Cribiore sun bi diddigin irin wannan sauyi a littafinsu na 2006 kan wasiƙun matan Masar. Haka Manzo Bulus ya yi a ƙarshen wasiƙarsa ga Galatiyawa, inda ya ja hankali ga manyan haruffan da ya rubuta da kansa. A ta Romawa kuwa, magatakardan, Tartiyas, shi ma ya saƙa tasa gaisuwar. Tunda babu sa hannu irin namu, waɗannan layuka su ne shaidar cewa maganar ta mai ita ce.

Sai dai kada a wuce gona da iri a ce ko'ina ƙarin shi ne zuciyar wasiƙa. Galibinsa sallahu ne: a aiko da mai, a karɓi kaya hannun wane. Dalilinsa ma a fili yake. Tawada ta bushe, babu sarari tsakanin layuka, ɗan aike na tsaye bakin ƙofa, ba wanda zai sake kwafe shafi saboda tulu ɗaya.

Duk da haka, shi kansa sallahun shaida ce. Jikin wasiƙa yana bin salon da aka koya, har wasiƙu da dama su yi kama da juna, amma ƙarin ba shi da tsayayyen tsarin da ake bi. Don haka mai fassara da ya ɗauke shi daga gefe ya cusa cikin jiki ba tare da ya nuna ba, ya ɓatar da hujja. Ya kamata a bar wa mai karatu shi a inda Apiyon ya ajiye shi.