Carbin da Ya Taso daga Segu Ya Sauka a 'Yanleman

A 1890 Faransawa suka ci Segu, birnin Ahmadu ɗan Shehu Umaru Futi. Jama'arsa suka yo hijira gabas. Ahmadu ya rasu a ƙasar Sakkwato, wasu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda Turawan Ingila suka ci su da yaƙi a 1903. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka zauna a 'Yanleman, ƙasar Haɗeja.

Me ya riƙe zukatan mutanen da aka tasa sau biyu? Tijjanawa ne, kuma wuridi ba ya bukatar jaki ko mangala. Safe da yamma mutum zai zauna da alwala, ya ja istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wazifa kuwa a taru a yi ta, yara na gefe suna ji. Maraya ya ga manya sun natsu, shi ma hankalinsa ya kwanta.

Yau duniya na neman irin wannan natsuwa a yoga ta Indiya. Marubuci, in za ka rubuta labarin gudun hijira ko ambaliyar Kogin Haɗeja, kada ka tsaya kan kuka. Nuna mana abin da aka yi da asuba, washegarin asara.