Fistula

fistula (suna, mace) Haɗin da likitan tiyata ke yi a hannun mai ciwon ƙoda, galibi a wuyan hannu, inda yake ɗinke jijiyar da ke fito da jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi. Cikin mako 6 zuwa 12 jijiyar da ke mayar da jinin takan yi kauri har ta jure manyan allurai biyu na injin wankin ƙoda. Likitocin Amurka, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, suka fito da dabarar a 1966. Lafiyayyar fistula takan yi kaɗawa a ƙarƙashin yatsa. In ta yi shiru, a garzaya asibiti. Ba a auna hawan jini a wannan hannun.

*Misali:* "Baba, kada ka kwanta a kan fistularka."