Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo: Tarihin Lasin Giya da Caca a Ingila

Ya ku 'yan makaranta, in ana koya muku tarihin Ingila, abin da kuka fi ji shi ne labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Yau za mu ratse kaɗan, mu ba ku labarin wata gardama wadda ba a taɓa jan daga dominta ba, amma an fi shekara 450 ana fama da ita. Gardamar ita ce, wa ke da ikon cewa a buɗe gidan giya ko na caca a unguwa, wa kuma ke da ikon cewa a rufe? Ba mu ɗauko zancen don yabon giya ko caca ba, kowa ya san ɓarnarsu. Mun ɗauko shi ne don ku ga yadda hukuma kan yi doka, ta ga ta yi kure, ta komo ta gyara.

Cikin shekara ta 1552, zamanin Sarki Edward na Shida, aka yi doka cewa kada kowa ya buɗe gidan giya sai da lasin. Aka danƙa ba da lasin a hannun alƙalan gunduma, watau waɗansu manyan mutane masu dukiya da a kan naɗa su tsare zaman lafiya a yankinsu. Mai neman lasin sai ya kawo masu tsaya masa cewa ba za a yi tarzoma a gidansa ba. Daga 1729 kuma aka sa alƙalan su riƙa yin zama na musamman sau ɗaya a shekara don sabunta lasin. Wanda ya yi ɓarna bara, bana sai ya ga an hana shi. To, kun ji mafarin al'adar waiwayen lasin a kai a kai.

A wannan zamani wata barasa mai ƙarfi da a ke kira jin ta yi araha a birnin Landan, har talakawa, maza da mata, suka dulmuya cikinta. Da abin ya ishi Majalisar Dokoki, sai cikin 1736 ta ce duk mai son sayar da jin ya biya fam 50 a shekara, kuɗin da ya fi ƙarfin ƙaramin mai kanti nesa ba kusa ba. Waɗanda suka yanki lasin ɗin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, amma sha bai tsaya ba. Sai ciniki ya koma lungu, inda idon hukuma ba ya kaiwa. Tilas aka soke dokar cikin 1743. Sai a 1751 aka yi wata mai sauƙin kuɗi, wadda ta hana masu dafa barasa sayar wa wanda ba shi da lasin, ita ce kuwa ta fi yin tasiri.

Bayan shekara kusan tamanin, sai aka karkata ɗaya gefen. Cikin 1830 aka ce duk maigidan da ke biyan harajin gari, in ya ba ma'aikatan haraji fam biyu da sule biyu, ya iya sayar da giyar sha'ir a gidansa, ba sai ya nemi yardar alƙali ba. Nufinsu wai mutane su bar jin su koma ga abin da bai kai shi ƙarfi ba. Ashe an buɗe ƙofar da rufe ta zai yi wuya. Kafin wata shida, gidaje fiye da 24,000 sun yanki wannan lasin. Maƙwabta suka yi ta kuka, ba wanda za su kai wa ƙara ya hana. Sai a 1869 aka mai da waɗannan gidaje ƙarƙashin alƙalan gunduma.

Labarin caca ma haka ya ke. Cikin 1853 aka hana gidajen cacar sukuwa, a 1906 kuma aka hana yin ta a kan titi. Amma mai kuɗi ya iya zuwa filin sukuwa ya yi abinsa, ko ya yi bisa bashi da dillalinsa, doka ba ta taɓa shi ba. Talaka kuwa sai ya miƙa sulensa a ɓoye ga ɗan aike a bakin lungu. Da aka ga hanin bai hana ba, sai aka yi dokar 1960, kantunan caca suka fara buɗewa a fili cikin watan Mayu na 1961.

Ku lura da darasin da ke nan. In an tsananta ƙwarai, ciniki ya shige duhu. In an sake ƙwarai, unguwa ta lalace. Ba kuwa wanda zai zauna a Landan ya san daidai abin da ya dace da kowane gari, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Saboda haka dokar 2003, wadda ta fara aiki sosai cikin Nuwamba 2005 a Ingila da Wales, ta karɓe lasin giya daga hannun alƙalai ta ba majalisun garuruwa, watau wakilan da mutanen gari suka zaɓa da kansu. Ta kafa musu manufa huɗu: hana laifi da tarzoma, tsare lafiyar masu shiga wurin daga haɗari, hana damun maƙwabta, da kare yara. Dokar caca ta 2005 ta biyo baya da manufa uku: kada caca ta zama mafakar masu laifi, a yi ta a fili ba maguɗi, a kuma kare yara da masu rauni. Nan an raba aiki biyu: hukumar caca ta ƙasa ke ba kamfani izni, majalisar gari ke ba da lasin ginin da za a yi cacar.

Ga yadda waiwayen ke tafiya. Kowace majalisa tilas ta rubuta takardar ƙa'idodinta, ta buga kowa ya gani. Ta giya, da fari a kan sabunta ta bayan shekara uku, amma dokar 2011 ta mai da shi biyar. Ta caca kuwa bayan kowace shekara uku. In lokaci ya yi, ma'aikata su tsara sabuwar takarda, a aika wa shugaban 'yan sanda, da masu kashe gobara, da jami'in lafiya, da wakilan masu lasin, da na 'yan kasuwa da mazauna gari, kowa ya faɗi abin da ya gani. Kwamitin lasin, mai wakilai 10 zuwa 15, ya duba amsoshin, kana majalisa duka ta zauna ta amince. In an ga gidajen giya sun cushe a unguwa guda har fitina ta yi yawa, majalisa ta iya bayyana haka da hujja, sabon mai nema ya sha wuya kafin ya samu. Ko mutum guda ma ya iya neman a sake duba lasin gidan da ya dame shi. Wanda bai yarda da hukunci ba ya ɗaukaka ƙara gaban majistare.

Kada ku zaci an gama. Dokar 2005 ta umarci majalisa ta karkata ga ba da lasin caca muddin an cika sharuɗɗa, ta kuma hana ta cewa kantunan sun ishi gari. Haka aka yi ta samun injunan caca waɗanda mutum ya iya zuba musu fam 100 cikin daƙiƙa 20. Majalisu da yawa suka yi ta kai kuka, don ikon rage kuɗin ba nasu ba ne, sai cikin Afrilu 2019 gwamnati ta rage shi zuwa fam 2. Ga kuma cacar da ta shige cikin wayar hannu, wadda ba ta da gini balle majalisa ta rufe ƙofarsa.

To, 'yan makaranta, a cikinku akwai waɗanda gobe za su zama akawu, da wakilai, da alƙalai. Ku riƙe abu biyu. Na fari, doka kamar jinka ta ke, in ba a hau an duba ta kafin damina ba, ruwa zai sanar da mai ɗaki. Na biyu, in hukuma ta nemi shawara, masu ciniki ba su fashin amsawa, gama abincinsu na nan. In uwar yara da malamin makaranta da maƙwabci suka yi shiru, da bakin masu ciniki kaɗai za a rubuta takardar, a zauna da ita shekara uku ko biyar. Allah ya sa ku zama masu faɗin gaskiya a inda a ke bukatarta, amin.