Daga Dala 26.50 Aka Fara: Gidauniyar Rotary da Bashin da Ke Kanmu

Jama'a, tunda Nuwamba ce watan Gidauniyar Rotary, bari in ɗan ba mu tarihi, musamman 'yan uwana mambobi da ke sunkuyar da kai idan ma'aji ya miƙe zai yi maganar gudummawa.

A 1917, a babban taron ƙungiyar a birnin Atlanta na Amurka, shugabanta na lokacin, Arch Klumph, ya kawo shawarar a kafa asusu don ayyukan alheri a duniya. Kun san nawa ne ya fara shiga? Dala 26 da santi 50, daga reshen Kansas City. Shi ke nan fa. Sai a 1928 aka raɗa wa asusun suna Gidauniyar Rotary, a 1930 kuma ta ba da tallafinta na farko, dala 500, ga wata ƙungiya mai kula da yara masu naƙasa. Haka ta yi ta rarrafe har 1947, shekarar da Paul Harris, wanda ya kafa Rotary, ya rasu. Mambobi suka yi ta aiko da kuɗi don tunawa da shi, har aka haura dala miliyan ɗaya.

To ina ruwan ɗan Arewa da wannan labari? Ruwanmu shi ne shan inna. A 1979 Rotary ta fara aikin yi wa yara miliyan 6 rigakafin cutar a Filifin, a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Rotary suka haɗa hannu a 1988, cutar na shanye ƙafafun yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san yaran da nake nufi. Da wasunsu muka yi firamare.

Kano ma ba baƙuwa ba ce a tarihin nan. A can aka buɗe reshen Rotary na farko a Najeriya a 1961. Ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya zauna a Kano. Abin mamaki, a 2003 ya hau, shekarar da aka dakatar da ɗigon rigakafin a jihar saboda zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Ba na zagin iyayenmu, domin gwajin maganin sanƙarau na 1996 ya bar tabo a zukata. Amma kafin a dawo da aikin a 2004, cutar ta bazu daga nan zuwa wasu ƙasashe. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, mata masu rigakafi suka bi gida-gida cikin rana, sannan aka shawo kanta. A Borno aka ga na ƙarshe a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Kada mu ce an gama. Asalin ƙwayar tana nan a Afganistan da Pakistan, kuma akwai wani nau'in da har yanzu yake ɓulla a jihohinmu na Arewa maso Yamma, inda ake tsallake yara. Ga shi a 2025 Amurka ta rufe hukumar USAID. Wanda ya saba jiran tallafin waje, lokaci ya yi da zai duba aljihunsa.

Na san halin da ake ciki. Ni ma albashi nake jira, kuma kafin 20 ga wata ya yi sallama. Dala 100 a shekara da ake so kowane mamba ya bayar ba ƙaramin abu ba ne a canjin yau. To ka raba ta gida 12, ko ka ba da abin da ya sawwaƙa. In kuma PolioPlus ka sa wa, Gidauniyar Gates tana ɗora dala 2 a kan kowace dala ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Mun iya sayen anko da biyan kuɗin liyafa, mun iya maƙala baji a riga mu ɗau hoto. Mutanen Kansas City da suka ba da dala 26.50 ba su taɓa ganin 'ya'yanmu ba, amma ga su nan suna tafiya da ƙafafunsu. Mu da muka ci moriya, kunya ce a ce hannunmu na karɓa ne kawai.

A taro mai zuwa, ni zan fara miƙa tawa. Wa zai biyo ni? Allah Ya ba mu ikon yi, Ya kare mana zuri'a.