Daga Gimi Zuwa Yau: Yadda Masihiyawan Ƙasar Ikara da Makarfi Suka Riƙe Bangaskiya

Duk matashin Kirista da ya tashi a ƙauyukan Ikara, Makarfi ko Kudan ya san tambayar da ke jiran sa ranar da ya shiga makarantar kwana ko ya tafi bautar ƙasa: "Kai Bahaushe ne, kuma Kirista?" Wani da mamaki yake yi, wani da zolaya, wani kuwa sani yake nema tsakani da Allah. Amsar tana cikin tarihin da ya haura shekara ɗari, wanda da yawa daga cikin yaranmu ba a taɓa zaunar da su an ba su shi ba.

Tun kafin Bature ya ci ƙasar nan, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman fada za su lamunta. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, har da ƙasar Ikara. Ba su da majami'a, ba su da Linjila a hannu, amma mutanen allo da tawada ne, masu son bin magana har tushenta. Ana ruwaito cewa malamin nasu ya bar musu wasiyya su saurari masu zuwa da cikakken labarin Isa.

A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS suka isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Miller ya zauna a Girku, sannan a 1905 ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta a cikin birnin Zariya. A 1913 ne wasu samari daga zuriyar Isawa suka same shi. Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi, a ƙasar Makarfi ta yau, ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiya. Iyalai suka taru daga ƙauyuka daban-daban, suka sari daji, suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta. Da damina ana gona, da yamma yara na koyon karatu.

Gimi ba ta daɗe ba. Bakin kogin da suka zauna matattarar ƙudan tsando ce, ciwon barci kuwa ya shiga gida-gida ya ɗebi manya da yara. Cikin 'yan shekaru aka tashi ƙauyen, aka kwashe waɗanda suka rage zuwa Zariya. Wannan cuta ce dai ta addabi yankin Anchau har gwamnatin mulkin mallaka ta gina sabon garin Takalafiya. Mai kallo daga nesa zai ce aikin ya mutu. Amma yaran da suka tsira sun fita da karatu a kansu, kuma da mishan ya koma Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa irin ginin Hausa, suna cikin ginshiƙan wurin. Daga zuriyar Isawa Farfesa Ishaya Audu ya fito, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Daga ranar, manomi zai iya buɗe Ishaya ko Yahaya ya karanta da bakin da uwarsa ta yi masa magana.

Zango na biyu ya zo ta gidajen Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya na iskoki da tsafin gida. Shekaru da yawa suna zaune a manyan gidajensu na noma a gefen garuruwa, suna biyan haraji, ba ruwansu da masallaci ko majami'a. Al'amura suka sauya bayan samun 'yancin kai. Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa a farkon shekarun 1960. A daidai lokacin aka fara ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta koya wa talakan Kirista cewa wa'azi ba aikin fasto kaɗai ba ne: a taru a yi addu'a a gida, a fita biyu-biyu zuwa ƙauye. Da shirin ilimin firamare kyauta ya zo a 1976, zama ba tare da addinin littafi ba ya yi wa Bamaguje wuya, domin ko a rajistar makaranta sai an tambayi yaro addininsa. Wasu gidaje suka musulunta, wasu suka karɓi Almasihu, wani lokaci wa da ƙane kowa ya kama hanyarsa. Shi ya sa har gobe za ka ga liman da dattijon ikilisiya sun haɗa kaka ɗaya, suna zama a tabarma ɗaya ranar biki ko makoki.

Wanda ya ɗauki nauyin wannan zango shi ne mai bishara na ƙauye. Kekensa, jakar littattafai, da ɗan albashin da sau da yawa damin dawa ne daga baikon kaka. Da safe ya yi noma, da rana ya tara yara a gindin bishiya ya koya musu a, ba, ca, da dare ya zauna da manya a ajin baftisma da fitilar ƙwai. Matan Zumunta, da zanensu iri ɗaya da tulun kiɗa da kacau-kacau, suka mayar da labaran Littafi waƙa da muryar daka da ta biki, har tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta haddace su. Daga irin waɗannan ƙananan majami'u na jinka aka kai ga yau, da Angilikan ke da dayosis a Ikara ƙarƙashin Bishop Yusuf Ishaya Janfalan, Katolika na ƙarƙashin dayosis ɗin Zariya da aka kafa a 2000, ga kuma ECWA da Baptis da sauransu.

A makarantu kuwa, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, ita ta zama gidan matashin da ya bar iyayensa. Amma tarihinta na ɗauke da darasi mai ɗaci. A watan Maris na 1987, gardama kan wa'azi a wani taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta rikiɗe ta zama rikici, wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Ikara, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Mutanen da ba su ji ko kalma ɗaya daga abin da aka faɗa ba su suka kwana a cikin toka. Baki shi ke yanka wuya. Wasiƙar Bitrus ta fari ta umarci mai bi ya zauna da shirin bayyana dalilin begensa, ta kuma haɗa umarnin da tawali'u da ladabi. Wanda ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu bai kare bangaskiya ba, ya jawo wa maƙwabtansa masifa ne kawai.

Yau dandalin ya koma cikin waya. Yaro yana gonar rake a Hunkuyi ko yana loda kwandon tumatir a Ikara, muƙabalar malamai da fastoci na shigo masa ta TikTok da WhatsApp. Tambayoyin ba sababbi ba ne: ko an canza Littafi, me ake nufi da Ɗan Allah, ko Kiristoci alloli uku suke bauta wa, ko wannan addinin Turawa ne. Abin da ya ragu shi ne zaman da ake yi da yaro a amsa masa. Taron matasa ya cika da kiɗa da rawa, ajin nazari ya koma na mutum biyar, wasu ma sun fara jin kunyar karanta Littafi da Hausa.

Gyaran yana hannunmu. Fasto ya ware lokacin da matashi zai yi kowace irin tambaya ba tare da an ce ya yi saɓo ba. Iyaye su dawo da addu'ar gida da ayar haddacewa. Tarayyar Masihiyawan Nijeriya da ikilisiyoyi su tattara labarin kowace majami'a daga bakin tsofaffin masu bishara tun suna raye. A koya wa yara abin da maƙwabcinsu Musulmi ya gaskata daga bakin masu shi, domin su amsa ba tare da ƙage ko zagi ba. Sannan a tuna musu cewa a kasuwar Makarfi ba a tambayar aya kafin a ba mutum bashi. Cikar mudunsa da cika alkawarinsa ake dubawa, kuma wanda aka yarda da amanarsa shi ake saurara idan ya buɗe baki kan Almasihu.