Hans Eysenck: Malamin da Aka Fi Ambato, da Maƙalu 26 da Jami'arsa Ta Ce Ba Abin Dogaro Ba Ne

Lokacin da Hans Eysenck ya rasu a Landan a watan Satumban 1997, yana da shekara 81, babu wani masanin halayyar ɗan Adam mai rai da ake ambaton aikinsa a mujallun kimiyya kamar shi. Ya bar littattafai kusan 80 da maƙalu fiye da 1,000. Wani nazari da aka buga a 2002 ya sanya shi na uku a jerin masanan wannan fanni da aka fi ambato a mujallu, bayan Sigmund Freud da Jean Piaget. Shekara 22 bayan rasuwarsa, jami'ar King's College London ta kafa kwamitin bincike, kwamitin kuma ya yanke cewa maƙalu 26 masu ɗauke da sunansa ba abin dogaro ba ne. Abin da ya faru tsakanin wancan girma da wannan hukunci ya shafi duk wanda ke auna malami da yawan rubutunsa da yawan masu ambatonsa.

Asalin ƙidayar

Ƙirga ambato bai daɗe ba a tarihin ilimi. A 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya ba da shawara a mujallar Science cewa a riƙa tattara jerin duk maƙalun da suka ambaci wata maƙala. Niyyarsa ita ce sauƙaƙa wa mai bincike: idan ka karanta wani aiki, ka iya gano waɗanda suka ɗora a kansa da waɗanda suka ƙaryata shi. A 1964 ya fara fitar da kundin Science Citation Index. Daga nan abin ya sauya fuska. Jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike suka lura cewa ga lamba mai sauƙin kwatantawa, sai suka mai da ita ma'aunin daraja. A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Kalifoniya, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h-index: wanda ke da 20 yana nufin yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Garfield da kansa ya sha gargaɗi game da amfani da darajar mujalla wajen yanke wa mutum ɗaya hukunci, amma kwamitocin ƙarin girma ba su saurara ba.

Eysenck ya yi tashe daidai lokacin da wannan ƙidaya ke kafuwa. An haife shi a Berlin a 1916, ya bar Jamus saboda mulkin Nazi, ya yi karatu a Landan a hannun Cyril Burt, sannan ya zama farfesa a Cibiyar Nazarin Tabin Hankali da ke haɗe da asibitin Maudsley daga 1955 zuwa 1983. Yawancin ambaton da ya samu ya same shi ne da guminsa. Ya nuna cewa ana iya auna ɗabi'ar mutum ta fuskoki kaɗan, musamman son cuɗanya da jama'a da kuma saurin damuwa da fargaba, kuma waɗannan biyu suna nan a cikin ma'aunan da ake amfani da su har yau. Takardun tambayoyin da ya tsara tare da matarsa Sybil sun shiga dubban bincike, kowane bincike kuwa sai ya ambace shi. A 1952 ya buga maƙalar da ta ce babu hujjar cewa jinya ta hanyar zantawa irin ta Freud ta fi zama ba jinya amfani. Masu goyon baya suka ambace shi, masu fushi ma suka ambace shi, kundin Garfield kuwa duk ɗaya ya ƙirga su.

Ɗabi'a, taba da ciwon daji

Matsalar ta taso ne da ya tsallaka zuwa fannin likitanci. Tun 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill sun nuna alaƙar shan taba sigari da ciwon dajin huhu, kuma binciken da suka fara kan likitocin Birtaniya a 1951 ya ƙara tabbatar da ita. Eysenck bai gamsu ba. A littafin da ya fitar a 1965 ya kawo ra'ayin cewa mai yiwuwa irin ɗabi'ar mutum ce ke kai shi ga shan taba, ita ce kuma ke kai shi ga cutar. Takardun kamfanonin taba da suka fito fili sakamakon shari'o'in da aka yi a Amurka sun nuna cewa ya daɗe yana karɓar kuɗin bincike daga masana'antar, wani ɓangare ta hannun lauyoyinta.

A shekarun 1980 ya haɗa kai da Ronald Grossarth-Maticek, mai bincike a Heidelberg, wanda ya ce ya bi diddigin mutum fiye da 3,000 a garin Crvenka na tsohuwar Yugoslabiya da kuma Heidelberg na tsawon shekaru. Grossarth-Maticek ne ya tattara bayanan, Eysenck kuwa ya kawo suna da alƙalami da hanyar shiga mujallun Turanci. Sakamakon da suka buga ya wuce duk abin da aka taɓa gani. Sun ce masu ɗabi'ar danne damuwa da sallamawa sun fi masu lafiyayyar ɗabi'a yiwuwar mutuwa da ciwon daji har ninki 121, masu ɗabi'ar fushi da tashin hankali kuma sun fi su yiwuwar mutuwa da ciwon zuciya ninki 27. Don a fahimci girman wannan iƙirari, shan taba, wanda yake cikin mafi ƙarfin musabbaban cuta da likitanci ya sani, yana ninka haɗarin ciwon dajin huhu ne sau 15 zuwa 30.

Ba su tsaya nan ba. Sun ce sun gano magani. A wani gwaji, cikin mutum 50 masu waccan ɗabi'a da ba a yi wa komai ba, 16 sun mutu da ciwon daji cikin shekara 13. Cikin 50 da aka yi wa jinyar gyaran ɗabi'a kuwa, ko ɗaya bai mutu da shi ba. Da a ce gaskiya ne, da babu asibitin da zai rasa wannan jinya a yau.

Shekara 27 na shiru

Masana ba su yi barci ba. A 1991 mujallar Psychological Inquiry ta ware fitowa guda ga wannan aiki, inda masu nazarin alƙaluma suka nuna saɓani a cikin bayanan. A 1992 likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Anthony Pelosi da Louis Appleby, suka rubuta a mujallar BMJ cewa sakamakon ya fi ƙarfin hankali. Eysenck ya kare aikin, ya ce maimaita binciken ne kawai zai raba gardama. Manfred Amelang ya maimaita shi a Heidelberg ɗin, bai samu abin da suka samu ba. A 1995 Pelosi ya kai ƙara Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Birtaniya, ƙungiyar ta ƙi buɗe bincike.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu daga cikin maƙalun sun fito ne a Behaviour Research and Therapy da Personality and Individual Differences, mujallu biyu da Eysenck ne ya kafa su. Ɗalibansa sun cika sassan jami'o'i. Edita ko jami'in ƙungiya da zai tuhumi mutumin da ya fi kowa ambato yana tuhumar fannin ne gaba ɗaya, har da kujerar da yake zaune a kai. Ta haka lambar da aka ƙirƙira domin bin sawun ilimi ta koma garkuwa ga mai ita.

Sai a 2019 Pelosi ya sake tattara hujjojinsa a Journal of Health Psychology, editan mujallar David Marks kuma ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman a binciki rubuce-rubuce 61. King's College London, wadda ta haɗe da tsohuwar cibiyar Eysenck a 1997, ta amsa. Kwamitinta ya nuna shakku kan ingancin bayanan, ya ce sakamakon bai dace da abin da kimiyyar likitanci ta sani game da cututtuka ba, ya kuma sanar da editocin mujallun. A 2020 mujallun Psychological Reports da Perceptual and Motor Skills suka janye maƙalu 13, aka kuma liƙa gargaɗi a kan wasu fiye da 60. Wasu mujallun sun tsaya ga gargaɗi kawai. Grossarth-Maticek ya musanta zargin, Eysenck kuwa ba ya raye balle ya amsa.

Abin da lambar ke faɗa

Ambato shaida ne cewa an karanta aiki, an yi amfani da shi ko an yi jayayya da shi. Ba ya bambanta yabo da suka. Ba ya bambanta maƙalar 1952 da ta tilasta wa masu jinya kawo hujja da maƙalun Heidelberg. Janye maƙala ma ba ya goge ambaton da ta tara, kuma sananne ne cewa ana ci gaba da ambaton maƙalun da aka janye shekaru bayan janye su. A fannin lafiya wannan yana da farashi. Tunanin cewa halin mutum ne ke jawo masa ciwon daji ya bazu a littattafan nasiha, ya ɗora wa majinyata laifin cutarsu, ya kuma bai wa kamfanonin taba abin fakewa a lokacin da suke tsananin buƙatarsa.

Jami'o'in Nijeriya ma da wannan ma'auni suke aiki. Ƙarin girma ya rataya a kan yawan maƙalu, ana duba Scopus da Google Scholar, ana kuma taya murna idan malami ya shiga jerin kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi ambato, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke fitarwa. Murnar tana da dalili, domin lambar tana nuna ƙwazo da tasiri. Sai dai akwai tambayoyin da ba ta amsawa: wa ya tattara bayanan, wa ya biya kuɗin binciken, an bari wani ya duba ainihin alƙaluman, kuma wani daban ya maimaita ya samu abu ɗaya? Pelosi da Appleby sun yi irin waɗannan tambayoyi a 1992, kuma duk wanda ya karanta maƙalun da idon basira zai iya yin su. Jami'ar ta amsa a 2019.