Daga Agadez zuwa Armeniya: yadda sauyin siyasar manyan ƙasashe ke taɓa iyaka da kasuwar kara

'Yan uwanmu da ke Agege, Akinyele ta Ibadan da Lokpanta sun sha tambayar abin da ya sa dabbar Nijar ta yi wuya kuma ta yi tsada tun 2023. Wasu na ɗora wa dillalai, wasu kuɗin tirela da harajin hanya. Duk akwai wannan, amma tushen maganar yana can Yamai, inda gwamnati ta sauya abokai. Ni ɗan Tudun Wada ne a Jos, gidanmu da fataucin shanu muke ci, shi ya sa na tattara ranakun don mai buƙata.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Kafin nan Nijar ce babbar ƙawar Amurka da Faransa a Sahel. Amurka tana da sojoji kusan 1,000 a ƙasar, da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez wanda ta kashe wa sama da dala miliyan 100. A Oktoba 2023 ta ayyana abin da ya faru a matsayin juyin mulki, ta dakatar da yawancin tallafi. Sojojin Faransa suka gama fita a Disamba. Ranar 16 ga Maris 2024 Nijar ta soke yarjejeniyar soji da Amurka, a Afrilu masu horar da soji na Rasha suka sauka Yamai, zuwa Satumba kuma Amurka ta gama kwashe nata.

To ina ruwan mai shanu? Ai ruwan nasa ne. Ranar 30 ga Yuli 2023 ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take ba Nijar. Jibiya, Illela da Maigatari, ƙofofin da shanun Azawak da ragunan Balami da Uda ke shigowa daga Maraɗi, Birnin Ƙonni da Damagaram, duk suka tsaya. Dabba ba ta daina shigowa ba, sai dai ta koma ɓarauniyar hanya, kowane shinge kuma da kuɗinsa, wanda a ƙarshe mahauci a Legas ne zai biya. Ga naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, sefa ta yi tsada. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a Maris, amma zumuncin bai koma yadda yake ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES, suka fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. A Mayu 2025, ana gab da Sallar layya, Nijar ta hana fitar da dabbobi waje. Duk wanda ya nemi rago a Kudu a wannan shekara ya ji a aljihunsa.

Akwai wata ƙasa da labarinta ya yi kama da wannan, amma ita ta juya ta ɗaya gefen. Armeniya ƙaramar ƙasa ce mai mutane kusan miliyan 3, tsakanin Turkiyya, Iran, Jojiya da Azarbaijan. Kamar Nijar, ba ta da teku. Turkiyya ta rufe mata iyaka tun 1993. Rasha ce uwar ɗakinta, har tana da sansanin soji a garin Gyumri. Bayan yaƙin kwana 44 na 2020 a kan yankin Nagorno-Karabakh, Rasha ta girke sojojin kiyaye zaman lafiya kusan 2,000. Sai yaƙin Yukren ya ɗauke mata hankali. A Disamba 2022 aka toshe hanyar Lachin, wadda ita kaɗai ce ke kai abinci da magani yankin daga Armeniya, sojojin Rasha suna kallo. Ranar 19 ga Satumba 2023, lokacin da iyakar Jibiya take rufe, Azarbaijan ta kai farmaki ta karɓe yankin. Armeniyawa sama da 100,000 suka bar gidajensu cikin 'yan kwanaki.

Firayim Minista Nikol Pashinyan ya jingine shiga harkokin ƙawancen tsaron Rasha a 2024, ya matsa kusa da Turai da Amurka. Ranar 8 ga Agusta 2025 shi da Shugaba Ilham Aliyev na Azarbaijan suka zauna da Trump a Fadar White House. Kun san abin da ya fi ɗaukar hankali a zaman? Hanya ce: wadda za ta ratsa kudancin Armeniya ta haɗa Azarbaijan da yankinta na Nakhchivan, Amurka ce za ta samu damar raya ta, har sunan Trump aka sa mata. Iran, da hanyar za ta bi ta bakin iyakarta, ba ta ɓoye damuwarta ba.

A ganina, murnar da wasunmu suka yi da zuwan Rasha Yamai ta yi wuri, domin Rashar nan ce dai Armeniyawa suka dogara da ita shekara talatin. Kuma ita ba ta sayen rago ko ɗaya daga Maraɗi. Kasuwar dabbar Nijar har gobe tana Maigatari, da Kara ta Bukuru, da mahautar Oko-Oba.